Ƙugiyar Ruƙayya da Mudun Kawo

Ana saura kwana huɗu walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyar unguwarmu, nan Badarawa, aka kawo mini takardun shaidar ɗalibai in duba kafin shugaban makaranta ya sa hannu. Bayan sallar isha'i na zauna ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Takarda mai kauri ce, an yi mata ado da kore da ruwan zinare, sunan kowane ɗalibi kuma an buga shi da manyan baƙaƙe a tsakiya. Ina cikin tafiya sai na zo kan ta wata yarinya da na san gidansu, na san irin sammakon da ta yi shekara da shekaru kafin ta kai wannan rana. Sunanta Ruƙayya. Abin da ke kan takardar shi ne RUÆ™AYYA.

Na koma baya na sake dubawa a hankali. Sadiƙu ma haka, Luƙman ma haka. Ɗanladi ya zama ÆŠANLADI. Duk wanda iyayensa suka raɗa masa suna mai harafin ƙugiya, an cire harafin an dasa masa wasu baƙin alamomi biyu da ba wanda ya san karatunsu. Aminu da Zainab da Hauwa kuwa lafiya lau.

Ɗan ƙanwata ne yake yi wa makarantar wannan aiki kyauta tun yana ɗalibi. Ya rubuta wata 'yar manhaja da ke ɗauko sunaye daga jeri, ta mayar da su manyan baƙaƙe, ta ɗora kowane suna a kan takardarsa. Da safe na kira shi, ya zo da kwamfutarsa a jaka. Da ya ga takardun sai ya dafe kai ya ce, "Kawu, wallahi jerin sunayen nan ban taɓa shi ba. Manhajar ma ita ce ta bara, abin da na gyara a cikinta bai fi layi biyu ba. Kwamfuta ce kawai na sauya, tsohuwar ta mutu." Na yarda da shi, don ba yaro ne mai ƙarya ba. Amma in jeri bai sauya ba, umarni bai sauya ba, me ya sauya?

Amsar da ya ba ni bayan ya yi 'yan dube-dube ta tuna mini da kasuwar Kawo ranar Talata. Duk wanda ya saba awon hatsi ya san cewa mudu suna ne kawai. Wanda ya taso da tiya a Kano ko Katsina, in ya zo Kaduna aka ce masa mudu kaza ne, sai ya nemi a nuna masa kwanon tukuna. A cikin kasuwa ɗaya ma, kwanon wannan rumfa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba. Uwargida takan aiki yaro ta ce a auno mudu biyu na gero, yaro ya faɗi saƙon yadda aka ba shi, mai awo ya auna biyu cif, amma a dawo gida a ga bai kai na makon jiya ba. Saƙo bai sauya ba, yaro bai ci amana ba. Kwanon ne aka sauya, sunansa kuma yana nan mudu.

Haka ta faru da takardunmu. Yaren da yaron ya rubuta manhajar da shi sunansa Python, wanda wani mutumin ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Tsohuwar kwamfutar tana ɗauke da zubi na biyu, wato Python 2, wanda ya fito a shekarar 2000. Sabuwar kuwa tana da Python 3, wanda ya fito a Disambar 2008. Masu kula da yaren sun daina gyaran na biyun tun 1 ga Janairun 2020, saboda haka duk wanda ya ɗora yaren a sabuwar na'ura yau na ukun zai samu. Suna ɗaya ne, amma yadda kowannensu yake auna rubutu daban.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane wannan. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Saboda haka dole a yi jadawali da zai ce lamba kaza ita ce A, lamba kaza ita ce B. Jadawalin da ya yi rinjaye shi ne ASCII, wanda aka tsara a Amurka a 1963, mai gurbi 128 kacal. Ya wadatar da Ingilishi, ya haɗa da lambobi da alamomin rubutu, shi ke nan. Daga baya aka faɗaɗa zuwa 256 domin Faransawa da Jamusawa da sauran mutanen Yammacin Turai su sami nasu haruffan. A cikin waɗannan duka babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sai a 1991 da aka fitar da tsarin Unicode, mai nufin ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa, sannan namu suka sami mazauni. Ko a can ɗin ma ba a unguwa ɗaya aka sauke su ba: manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ da ƙaramin ƙ suna rukuni ɗaya, ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna can cikin rukunin alamomin masana furuci. Shi ya sa wani salon rubutun yakan nuna ƙ daidai, amma ya zo kan ɗ ya zana ɗan akwati.

A 1992 wasu masana biyu, Ken Thompson da Rob Pike, suka tsara hanyar ajiye waɗannan lambobi, wadda ake kira UTF-8, ita ce kuma kusan dukkan shafukan intanet suke amfani da ita yanzu. A wannan hanya, harafin Ingilishi yana cin gurbi ɗaya, namu mai ƙugiya yana cin biyu. To a nan kwanuka biyun suka rabu. Python 2, in ba an yi masa bayani na musamman ba, gurabe yake ƙirgawa. Ka ba shi kalmar ƙasa ka ce harafi nawa ne, sai ya ce biyar. Python 3 haruffa yake ƙirgawa, zai ce huɗu. Ka ce wa na biyun ya tsamo kalmomi daga cikin jimla, sai ya tsallake ƙ ya miƙo maka "asa", domin a wurinsa ƙ ba harafi ba ne. Ka ce ya mayar da ɗaki manyan baƙaƙe, sai ya ba ka ɗAKI, na ukun kuwa ya ba ka ƊAKI.

Da yaron ya faɗi wannan na ƙarshen, sai na tashi na ɗauko takardar shaidar 'yata ta wata shekara da ta wuce, wadda tsohuwar kwamfutar ta buga. A jikin sunan malamin da ya yaye su akwai ƙ, ga shi nan kuwa ɗan ƙarami, ya tsuguna a tsakiyar manyan baƙaƙe. Shekaru muna raba irin waɗannan takardu ba wanda ya lura. Ashe tsohon kwanon ma tauye yake, tauyewar ce ba ta kai ta ɗaga hankali ba.

Na ce masa, to in sabon ya fi tsohon sanin haruffanmu, don me ya fi shi ɓarna? Ya ce ai sabon ya san ƙ sarai, matsalar a bakin ƙofa take. In zai buɗe jerin sunaye, ba a gaya masa da wane jadawali aka rubuta ba, sai ya tambayi na'urar da yake kai. Windows ɗin da aka saita da Ingilishi kuwa sai ta miƙa masa tsohon jadawalin Yammacin Turai mai lamba 1252. Guraben nan biyu da suka haɗu suka yi ƙ, sai ya karanta su ɗai-ɗai: na farko ya ba shi Æ, na biyu ya ba shi ™. Duk mai karanta Hausa a waya ya taɓa cin karo da Æ™asa ko É—aya ko makamancinsu. Wannan ne asalinsu. Babban Ɓ ma ya fi muni, domin gurbinsa na biyu babu shi sam a wancan jadawali. Da a ce akwai ɗalibi mai suna Ɓoyi a jerinmu, da manhajar ta tsaya cak ta ƙi aiki, da kuma mun gano matsalar tun kafin a ɓata takarda.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Ya ƙara 'yan kalmomi a layin da ke buɗe jerin, ya gaya wa manhajar ƙarara cewa UTF-8 ne. Kuɗin sake bugawa kuwa sai da aka yi karo-karo.

Ba Python kaɗai ke da wannan hali ba. Yaren Java ma ya daɗe yana dogara da abin da na'ura ta gaya masa, sai a zubi na 18, a 2022, aka mayar da UTF-8 ya zama abin da zai ɗauka in ba a ce masa komai ba. Manhaja ɗaya kenan, kafin wannan zubi da bayansa, tana iya ba da rubutu iri biyu. Masu yaren PHP, wanda aka gina ɗimbin shafukan rajistar makarantu da ofisoshi da shi, sun yi shekaru suna ƙoƙarin fitar da zubi na 6 da zai san haruffan duniya tun daga tushe, suka kasa, suka watsar a 2010, daga 5 suka tsallaka zuwa 7.

PHP ɗin nan ne ma ya taɓa wata alama da ta fi ƙugiya yawa a sunayenmu, wato ɗan waƙafin sama da ke cikin Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u da Asma'u da Shu'aibu. A wurinmu harafi ne mai sauti, shi ya raba sa'a da sa. A wurin rumbun ajiyar bayanai kuwa alama ce ta buɗe zance da rufe shi, har ɓata-gari kan yi amfani da ita su cusa wa rumbun umarnin ɓarna. Don kauce wa haka, tsofaffin zubin PHP sukan sa wata karkatacciyar sanda a gaban alamar da kansu. Wani shafin yakan cire sandar kafin ya nuna suna, wani ya manta, sai ka ga Sa\'adatu a takardar shiga jarrabawa. In aka sake ajiye sunan, sandunan su ƙaru. A 2012, da zubi na 5.4, aka cire wannan dabara gaba ɗaya, sai shafukan da suka jingina da ita suka koma suna tuntuɓe a kan kowane Mu'azu. Hanyar da ta dace a bi sananniya ce ga masu sana'ar, amma da yawa suka zaɓi mafi sauƙi: suka hana alamar shiga. Na taɓa zama a wani shagon cike fom kusa da Kasuwar Gumi, ina kallo wata baiwar Allah tana faɗin sunanta Asma'u, yaron shagon ya buga, shafin ya mayar da jan rubutu cewa ba a yarda da haruffa na musamman ba. Ya ce mata, "Hajiya, sai dai a cire." Ta ce to a cire. Daga ranar sunanta a wannan ofis ya zama Asmau, in kuma wata takardar tata tana da alamar, wata rana wani ma'aikaci zai ce mata sunayen ba su yi daidai ba, ta je ta yo rantsuwar kotu.

Wannan kalma ta "na musamman" ita ce ta tsaya mini a rai. Mene ne na musamman a cikin Asma'u, sunan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raɗa wa 'yarsa fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce? Ƙ ba ado ba ne da aka yi wa k. Shi ne ya raba ƙafa da kafa, ƙura da kura, ƙarya da karya. Ɗ ne ya raba wanda ya tafi fada da wanda ya tafi faɗa. Katin biki da aka rubuta "muna maraba da baki" bai faɗi abin da masu biki suke nufi ba. Gaskiya ne Bahaushe yakan gane daga yanayin magana, amma yaro mai koyon karatu fa, da baƙon da ke koyon harshen, da na'urar fassara da ake ɗora wa rubutunmu tana koyo daga gare shi? Harafin ya zama na musamman ne kawai domin waɗanda suka ƙera kwanon farko ba su da shi a harshensu.

Ba kuma a sama muka tsinci ƙugiyoyin nan ba. Farkon boko kowa da yadda yake nuna waɗannan sautuka: wani ya sa ɗigo a ƙarƙashi, wani waƙafi a gefe. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutu a 1912. Sai a shekarun 1930, lokacin da Dokta Rupert East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, sai haruffan suka shiga gari da ƙauye. A zamanin da ake jera haruffan dalma da hannu, sai an nemo ɓ da ɗ da ƙ na ƙarfe takanas an zuba su cikin akwatin maɗaba'a, kuma an yi. Masu buga tafireta a ofisoshin Kaduna da makarantu, waɗanda injinsu ba shi da ƙugiya, sukan gama shafi su bi shi da biro suna lanƙwasa kan kowane harafi. 'Yan'uwanmu na Nijar ma suka ƙara da ƴ, inda mu muke rubuta 'y.

Da kwamfuta ta shigo a shekarun 1990 ba tare da haruffanmu ba, masu kishin harshe ba su naɗe hannu ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka zana salon rubutu mai ƙugiya tun a wancan lokaci, kuma an ci moriyar irin wannan aiki ƙwarai. Dabarar da aka yi a lokacin ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata a zana namu harafin a kai. A wani salon, q ne ƙ, x ne ɗ, v ne ɓ. A wani kuma, } ne ƙ, ] ne ɗ, ~ ne ɓ. Muddin salon yana kan na'urar, rubutu zai fito tsaf. Ranar da aka buɗe shi a wata na'urar da ba ta da salon, sai ka ga "qasa" da "xaya", ko "}asa" da "]aya". Dabarar ta yi amfani a zamaninta, ban ga laifin waɗanda suka yi ta ba. Sai dai ta bar mana bashi.

Ga girman bashin. Ka je Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna, a ɗauko maka takardar da aka buga da Hausa shekara saba'in ko tamanin da suka wuce. Ta yi ja, gefenta ya gutsure, amma za ka karanta ta tas, kowace ƙugiya tana inda aka sa ta. Sannan ka ɗauko kundin digiri ko littafin labari da aka buga a kwamfuta shekara ashirin da biyar da suka wuce, ka buɗe shi a wayarka. Sau da yawa na jiya-jiyan ne zai gagare ka. Akwai dubban shafuka na nazarin Hausa, da waƙoƙi, da wa'azi, da labarai, kwance a tsofaffin faya-fayai cikin wannan hali. Kalma ɗaya ta zama biyar: ƙasa, kasa, qasa, k'asa, }asa. Mai neman ɗaya ba zai sami sauran huɗun ba, domin na'ura ba ta san 'yan gida ɗaya ba ne.

Wayar hannu ta ƙara nata. Saƙon tes na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka sa ƙ guda ɗaya sai wayar ta koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ƙaru. Ga kuma tsofaffin wayoyi da ba su da haruffan ko kaɗan. Mutane suka saba da rubutu ba ƙugiya saboda dalili mai ƙarfi. Yau dalilin ya kau: WhatsApp da Facebook ba sa cajin harafi, allon rubutu na Gboard yana da Hausa, Windows ma tana da nata. Sabon ne ya rage. Abin da ya fi damuna shi ne manyan allunan talla da na ofisoshi a kan titin Ahmadu Bello da titin Ali Akilu, waɗanda aka kashe kuɗi mai yawa a kansu, amma aka kasa kashe minti ɗaya a nemo ɗ.

Ko bayan gyaran da ɗan ƙanwata ya yi, sai da muka sake kama wani abu. Manhajar tana jera sunaye bi da bi, sai muka ga Ɗanladi ya faɗa can ƙarshe, bayan Zainab da Zubairu. Dalili kuwa, lambar Ɗ ta fi ta Z girma, manhajar kuma lamba take bi. A ƙamus na Hausa ɗ yana bin d ne, ƙ yana bin k, ɓ yana bin b. Wannan ba wani zubin yare da zai yi maka shi da kansa sai ka nema. Yaron ya zauna ya rubuta jerin abacada na Hausa ya ba ta. Ban ga wani Ba'amurke ko Bajamushe da zai lura da wannan ba, domin ba shi ne zai tsaya gaban iyaye yana kiran suna ba. Wanda ya san inda Ɗanladi ya kamata ya tsaya a layi shi ne zai gyara.

Ranar walima aka kira Ruƙayya, ta fito cikin farin hijabi ta karɓi takardarta, an rubuta RUƘAYYA da babban Ƙ mai cikakkiyar ƙugiya, karo na farko a tarihin makarantar.

Kirana ga matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna da sauran wurare: duk aikin da za ku miƙa wa makaranta ko asibiti ko ofis, kafin ku miƙa ku gwada shi da Ruƙayya da Ɗanladi da Ɓoyi da Asma'u, ku sake gwadawa duk ranar da kuka sauya na'ura ko zubin yare, kuma ku rubuta sunan jadawalin a fili kada ku bar wa na'ura zaɓi. Malamai da marubuta da maɗaba'u masu tsofaffin ayyuka cikin q da x da }, ku nemi a juya muku su zuwa Unicode tun faya-fayan suna buɗuwa. Sauran mu kuma, kowa ya shiga saitin wayarsa yau ya ɗora allon Hausa.